RIƘON KYANWA MAI JEGO DA 'YA'YANTA

Darasi a kan jinƙai da riƙon amana, domin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum

1. Mafarin magana

Ba sai an fassara maka riƙo ba, gama da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda ba a taɓa riƙon ɗan wani a cikinsa ba. Mace ta kan rasu ta bar jinjiri, sai ƙanwarta ko kakarsa ta ɗauka, ta goya, ta yaye. Ka kuma san kiwo, yadda mace ta kan ba maƙwabciyarta akuya ta tsare mata, in ta haihu su raba 'ya'ya. Cikin al'adun nan biyu ka'ida ɗaya ce: abin da ke hannunka ba naka ba ne, amana ce, akwai kuma ranar da za a tambaye ka yadda ka yi da ita.

Darasinmu na yau a kan wani riƙo ne da ba a cika kula da shi ba, watau riƙon kyanwa mai jego tare da 'ya'yanta. A Kano mage su ke ce mata, mu a nan yamma mu kan ce mussa, namijin kuwa muzuru.

Wataƙila ka ce, "Malam, mutane suna gudun hijira, yara suna kwana da yunwa, kai kuwa kana zancen mussa?" Tambayarka daidai ce. Ɗan Adam shi ne gaba, kada ka ɗauki abincin yaro ka ba dabba. Amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga lafiyar yaron nan da hatsin da zai ci suna da hannu cikin zancen. Banda wannan kuma, wanda ya saba da wulakanta abin da ba shi da baki, ba ya daɗewa sai ya wulakanta mai baki.

2. Yadda al'amarin ya same mu

Ka san abin da ya sami ƙasarmu. A 2018 da 2019 mutanen ƙauyuka da yawa suka gudo cikin garin Anka saboda ɓarayin daji. A watan Janairu 2022 aka auka wa waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, aka ƙone gidaje. A watan Agusta 2024 kuma ruwa ya ci Gummi, gidajen ƙasa suka zube, dubban mutane suka rasa wurin kwana.

Ran gudu mutum ya kan kora akuyarsa a gaba, ya ɗaure kaji ya rataya. Kyanwa kuwa ba ta koruwa, ba ta ɗauruwa. Da ta ji hargowa sai ta shige ƙarƙashin rumbu, in tana da 'ya'ya ma ba ta ko motsi daga kansu. Sai a tafi a bar ta. Wani lokaci kuma yarinya ta kan rungumo ta cikin zane har gari, sa'an nan a tarar ɗakin da aka sauke su mutum goma ne a ciki, ba inda dabba za ta haihu. Ta haka ne za ka iske mai jego a kangon gida, ko bayan rumfar kasuwa, ko kuwa wata baƙuwa ta tsaya a ƙofarka ta ce, "Don Allah a riƙa mini ita har mu sami wuri." Ranar nan kai ne a ke tambaya.

3. Yadda a ke yi a waɗansu ƙasashe

A Ingila an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi tun 1824. A 1860 wata mace, Mary Tealby, ta buɗe gida a Landan domin karnukan da suka ɓace, wanda daga baya aka san shi da sunan Battersea, aka soma karɓar kyanwoyi a cikinsa a 1883. A 1927 kuma aka kafa wata ƙungiya domin kyanwoyi kaɗai.

Masu irin gidajen nan sun lura da wani abu: mai jego ba ta jin daɗin gidan taro. Inda dabbobi suka yi yawa cuta ta kan bi su, jarirai kuwa su ta kan fara kamawa. Haushin karnuka da kai da kawowar mutane su kan firgita uwa har ta ƙi shayarwa. Saboda haka su kan nemi mutanen gari masu ɗaki da haƙuri, su danƙa musu uwa da 'ya'ya har a yaye. Galibi ƙungiya ce ta kan biya abinci da magani, mai riƙo ya ba da wuri da lokaci, in wa'adi ya cika ya mayar, a nema musu gidajen zama.

A garuruwanmu uku ba mu saba da irin gidan nan ba. Amma abin da su suka tsara da takarda, mu muna da shi cikin al'ada. Zauren mai unguwa, da bakin maƙwabta, da kunnen mai shago, su ne ƙungiyarmu. Abin da ya rage shi ne sanin yadda a ke aikin.

4. Amfanin kyanwa a gida

Ɓera ya kan ci hatsi a rumbu, abin da bai ci ba ya ɓata shi da fitsari da kashi. Akwai kuwa wani irin ɓera mai nonna da yawa, shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Mutum ya kan kamu in ya ci abincin da ɓeran ya taɓa. Cikin hanyoyin tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta akwai rufe hatsi cikin abin da ɓera ba ya hudawa, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtar ɗaki, da ajiye kyanwa. Kyanwa kaɗai ba ta isa ba, amma tana cikin lissafi.

Ka gwada ta da maganin ɓera na kasuwa. Magani ya kan kashe kaza, ya kan kashe kare, yaro mai rarrafe ma bai tsira ba. Kyanwa kuwa tana gadi dare farai, ba ta neman ko kwabo. Ɗan da ka raya yau, shi ne mai tsaron rumbun wani baɗi.

5. Wurin da za ka sa ta

Ka nema mata lungu mai duhu kaɗan, inda ba mashiga, nesa da kare da muzurun waje da ƙafar yara. Kwali ko tsohon kwando ya isa, a shimfiɗa tsumma mai tsabta, a riƙa sakewa in ya jiƙe. Da hunturu ka tare mata iska, da bazara kada ka bar ta inda rana ta ke bugun kwano. Ka ajiye ruwa da abinci kusa, domin kada ta yi nisa da 'ya'ya. A wancan gefe ka sa tsohon daro da yashi, nan za ta riƙa zagayawa.

A nan sai ka buɗe kunne, gama wannan gargaɗi namu ne musamman. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka ga gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da a ke dakawa a ke niƙawa cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. A waɗansu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin Amurka ta sa iyakar 400 ga filin da yara su ke wasa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka yi mata. Abin tunawa kuma shi ne, tun ba a gane cutar ga yara ba, mutane sun ga agwagi suna ƙarewa, ba wanda ya san gargaɗi ne.

Kyanwa da harshe ta ke wanka, duk ƙurar da ta hau gashinta cikinta za ta. Yaro kuma ya shafa ta ya sa hannu a baki. Saboda haka kada ka shimfiɗa mata buhun da aka ɗauko dutsen zinariya a ciki, kada ka ɗebo mata yashi daga inda a ke wanki ko niƙa, kada kuma a shigo da dutsen cikin gida ko kaɗan. In ka ga dabbobin gidanka suna mutuwa ba dalili, ka kai yaranka asibiti a duba su, kada ka jira.

6. Abincin uwa

Mai shayarwa ta kan ci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. In ta ƙoshi, 'ya'ya sun ƙoshi. In ta rame, nono ya janye. Kyanwa kuwa halittar cin nama ce. Akwai abin da jikinta ya ke bukata wanda ba shi cikin gero ko dawa, in ta daɗe ba ta same shi ba idonta da zuciyarta su kan lalace. Tuwo zalla ba ya riƙe ta.

Ba sai ka sayi tsoka ba. Ka roƙi rundawa ɗan guntattakin da su ke zubarwa, ka sami ƙananan kifi daga masunta, ko ƙwai guda. Ka dafa su ba gishiri ba yaji, ka cire ƙaya da ƙashin kaza mai tsini, ka cuɗa da ɗan tuwo domin ya yi auki. Ka ba ta sau uku ko huɗu a yini. Miyar gida ba ta dace da ita ba, gama albasa da tafarnuwa su kan ɓata jinin kyanwa. Madarar shanu kuwa, ko da shi ke tana sonta, ta kan sa ta zawo. Ruwa mai kyau kada ya yanke.

Kada ka ce, "Ai tana kama ɓera, me zan ba ta?" Mai jego da ta tafi farauta da yunwa ta kan bar 'ya'ya cikin sanyi, wani lokaci ta ci ɓeran da ya sha magani, ba ta komo ba.

7. Yadda 'ya'ya su ke girma

Kyanwa ta kan ɗauki ciki kwana 63 zuwa 65, ta haifi uku ko huɗu ko biyar. Kowane ɗa ya kan zo da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kamar ƙwai biyu na kaza, ido a rufe, kunne a rufe. Nonon ranar fari, watau dakashi, shi ne garkuwarsa daga cututtuka, saboda haka ka lura kowa ya sami kan nono.

Mako na fari: ci da barci kaɗai. Lafiyayye ya kan ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana, kafin kwana goma ya ninka nauyinsa. In akwai ƙaramin sikeli kusa, ka auna su kowace safiya ka rubuta.

Mako na biyu: ido ya kan buɗe da kansa tsakanin kwana 7 da 10. Kada ka buɗe da hannu. In ya yi kwantsa, ka goge da tsumma da ruwan da aka tafasa ya huce.

Mako na uku da na huɗu: haƙora su kan fito, su soma tatata. Har zuwa lokacin nan jikinsu ba ya riƙe ɗumi shi kaɗai, sai sun jingina da uwa da juna.

Daga mako na huɗu: ka soma ba su nama ko kifi da aka dama ya yi laushi, a faranti marar zurfi. Su kan koyi shiga yashi ta kallon uwarsu.

Mako na takwas: an yaye.

Mutane su kan ce in an taɓa jariran kyanwa uwar za ta ƙi su. Gaskiyar magana, kyanwar gida ba ta ƙin ɗanta domin warin hannu. Abin da ta ke ƙi shi ne damu. In an dame ta sai ta kwashe su ɗaya ɗaya a baki ta kai inda ba ka sani ba. Don haka kwanakin fari ka taƙaita taɓawa. Amma daga mako na biyu zuwa na bakwai, lalle a riƙa ɗaukarsu a hankali kowace rana, su ji muryar mutane. Wanda ya saba da hannu cikin makonnin nan zai zama ɗan gida, wanda bai saba ba ya zama ɗan daji, ba mai karɓarsa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A nan ne kuma za ka tanƙwara naka 'ya'yan: ka koya musu su zauna ƙasa kafin su ɗauka, su tallafe da hannu biyu, kada su ja wutsiya, su wanke hannu in sun gama.

Alamun da za su tashe ka tsaye su ne: ɗan da ya ware gefe, ko jikinsa ya yi sanyi, ko yana kuka ba fasawa, ko nauyinsa ya tsaya kwana biyu. Ga uwa kuma, nono ya kumbura ya yi zafi, ko ta ƙi abinci yini guda. In ka ga haka ka nemi malamin dabbobi.

8. In uwa ta mutu

Da fari ka tabbata ta mutu. Sau da yawa mutum ya kan ga 'ya'ya su kaɗai ya kwashe, ashe uwar kiwo ta tafi. In suna barci cikin natsuwa, cikinsu a cike, ka ja da baya ka dakata 'yan sa'o'i.

In ta tabbata marayu ne, mafi kyau shi ne a sami wata mai jego a unguwa, gama sau da yawa kyanwa ta kan karɓi ɗan wata. In ba a samu ba, aiki ya komo kanka, ga kuwa ka'idodinsa.

Ɗumi kafin abinci. Ɗan da ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da kome. Ka sa shi cikin rigarka, ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma. Kada ka kai shi bakin kaskon wuta.

Akwai madarar da a ke yi musamman domin jariran kyanwa. Inda ba a same ta ba, madarar akuya da aka tafasa ta huce, a kaɗa kwanduwar ƙwai a ciki, ta kan riƙe rai zuwa wani lokaci. Ka ba shi da sirinji marar allura, ɗigo ɗigo, kowace sa'a biyu ko uku, dare da rana. A kwanakin fari cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokali ɗaya.

Ka kwantar da shi rub da ciki, kamar yadda ya ke shan nonon uwarsa. Bayan ya sha, ka shafa gindinsa da tsumma mai ɗumi, gama har mako uku ba ya fitsari ko kashi sai uwa ta lashe shi.

Ni mai wannan rubutu na taɓa yin kuskuren nan, ina kuwa faɗa maka domin kada ka maimaita. Wata safiya ta hunturu na tsinci guda biyu bayan danga. Don ɗokin taimako ban tsaya ɗumama su ba, na rungumi ɗaya rigingine kamar jinjirin mutum, na ɗura masa madara da cokali. Madara ta bi ta hanci ta shiga huhu, kafin la'asar ya mutu a hannuna. Na biyun wata tsohuwa ce ta karɓe, ta sa shi cikin zanenta, ta kai wa mussarta mai shayarwa, ya rayu. Niyyata mai kyau ce, amma kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani.

9. Abubuwa uku masu kisa

Na ɗaya, farasitamol, wanda mu kan sha domin ciwon kai. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babbar kyanwa, gama hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kada ka ba ta maganin mutum kowane iri sai da umurnin likitan dabbobi.

Na biyu, maganin ƙwari. Ƙuma ta kan tsotse jinin jarirai har dasashinsu ya yi fari, saboda haka wajibi ne a raba su da ita. Amma kada ka fesa musu maganin sauro, ko na gona, ko na kaskar shanu da karnuka. Ka taje su da matsefi mai ƙananan haƙora, ka tsoma abin da ya fito cikin ruwan sabulu, ka wanke shimfiɗa ka shanya a rana.

Na uku, maganin ɓera. Muddin akwai kyanwa a gida, kada a zuba shi.

10. Tsaron lafiyar iyalinka

Jinƙai ba ya hana hankali. Ciwon haukan kare ya kan kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yara ne kuwa kashi 40 cikin 100. Kusan duka daga cizon kare ne, amma kyanwa ma tana ɗauka. In baƙuwar kyanwa tana dalalar da miyau, ko tana tangaɗi, ko tana auka wa mutane ba dalili, kada ka kama ta, ka kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar nan domin allura. Tun 1885 Louis Pasteur ya nuna a Faransa allura tana ceto in an yi ta da wuri. In alamun ciwon sun bayyana, magani ya ƙare. Ko kyanwar Lami ce, mai jego ta kan yi cizo in ta ga za a taɓa 'ya'yanta, sai a bi ta sannu.

Ke uwargida, in kina da ciki, kada ki zama mai kwashe kashin kyanwa, gama akwai wata ƙwayar cuta a ciki mai iya taɓa ɗan da ke cikinki. Wani ya kwashe, kowace rana kuwa, domin ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana. A binne shi nesa da rijiya da wurin wasan yara.

In ka ga gashi ya zube ya bar tabo zagayayye, makero ne, yana kama yara. A raba su har a yi magani. Rigakafi ya fi magani.

11. Ranar rabuwa

Ga wurin da a ke gane mai amana. Waɗansu in 'ya'ya suka soma ɓarna sai su ɗura su cikin buhu, su kai daji ko bakin gulbi su yar. Wannan zalunci ne, ko da ba wanda ya gani. Waɗansu kuma sabo ya kan kama su, mai kyanwa ta komo su ce ta ɓata. Wannan cin amana ne, ko da abin ƙarami ne. Matar da ta bar gidanta da gonarta, wataƙila mussar nan ce kaɗai abin da ya rage wa 'yarta daga garinsu.

Kada ka raba ɗa da uwa kafin mako takwas, in ya kai goma sha biyu ya fi. Tun suna mako huɗu ka soma cigiya wurin masu rumbu, da masu shago, da masu sayar da hatsi. Ka tambayi mai karɓa abin da zai ciyar, ka gaya masa abubuwa uku masu kisa. Bayan mako guda ka leƙa ka gani. In sun kai wata uku a yi musu allurar haukan kare, a nemi kuma maganin tsutsar ciki wurin malamin dabbobi.

Ka sani kuma, mace ta kan iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, uwa kuma ta kan sake ɗauka tun ba ta gama yaye ba. Likitocin dabbobi suna fiɗiye namiji, suna yi wa mace aikin tsai da haihuwa; akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wanda ya sami hali ya yi, ya rage yawan waɗanda za a yar gobe.

Tambayoyi domin bita

1. Don me a ke ɗumama maraya kafin a ba shi madara?
2. Wane irin buhu da wane irin yashi ne ba a kawo wa kyanwa, don me kuma?
3. Me za a yi nan da nan in kyanwa ta ciji yaro?
4. A waɗanne makonni ne a ke saba wa 'ya'ya da hannun mutane?
5. In mai kyanwa ta komo bayan ka saba da ita, me ya wajaba a kanka?

Ya mai karatu, aikin nan mako takwas ne, ba mai biyanka, ba kuwa mai yi maka kirari. Wani ɗan zai mutu ko ka yi iyakar ƙoƙarinka, kada wannan ya karya maka zuciya. In ba ka da wuri ko abinci, ka faɗi gaskiya tun da fari, ka taya neman wanda zai iya. Wannan ya fi ka karɓa ka yi sakaci. In kuwa ka karɓa, ka riƙe da kyau, gama 'ya'yanka suna kallon yadda ka ke yi da marar ƙarfi, haka kuma za su yi da kai ran da ƙarfinka ya ƙare. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu zuciya mai tausayi, ya mai da kowa gidansa lafiya.